Ɗan Farin Malam Makau

Duk ranar Asabar bayan la'asar, idan ɗalibai sun watse, malaman cibiyar karatu ta Gummi sukan shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro su tattauna damuwar ɗalibansu. Cibiyar ta wata jami'a ce, amma ko bango guda ba ta da shi nata na kanta. Ajujuwan wata sakandare ake ara a ƙarshen mako, malaman firamare na Anka da Gummi da Bukkuyum su zo neman digiri, kowa a kan mashin ɗinsa ko na haya. Shugaban cibiyar, Dakta Lado, shi ya ƙirƙiro zaman tun shekarar da wata ɗaliba ta yanke jiki ta faɗi a ɗakin jarrabawa. Ya raɗa masa wani dogon suna na Turanci da ba wanda ya taɓa riƙewa. Kowa zaman tabarma yake ce masa.

Dokar zaman guda ce: ba a kama sunan ɗalibi. Sai dai a ce wani ɗalibi, ko wata ɗaliba. Dakta yana ji da wannan doka ƙwarai, don a wani taro a birni ya samo ta. Bai damu ba cewa a ƙasar nan in ka ce wani ɗalibi mai jan mashin, kafin ka rufe baki an gaya maka sunan kakarsa da inda gonarsu take.

Malama Bara'atu ita kaɗai ce mace a cikinsu, kuma ita ce ƙarama. 'Yar Anka ce, mai koyar da halayyar yara, mai saurin fushi da saurin tausayi, kuma sau da yawa su biyun tare suke zo mata. A daminar dubu biyu da huɗu ita aka haɗa da Malam Makau su duba gwajin koyarwa na 'yan shekarar ƙarshe. Malam Makau dattijo ne mutumin Bukkuyum, shi ke da darasin dabarun koyarwa, kuma makin gwajin a hannunsa yake. Ita mai taya shi ce kawai. Wanda ya faɗi wannan gwaji ya faɗi digirin gaba ɗaya.

A cikin waɗanda za a gwada akwai Nuraddeen, malamin firamare a Zugu, ɗan farin Malam Makau. Kowa ya san haka, ba kuma wanda ya taɓa faɗa. Malam Makau irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ya kiran sunansa, ba ya dubansa, ba ya zama inda yake zaune. Tun da aka yaye yaron aka kai shi Zugu wajen kakarsa, Inna Kulu, can ya tashi. Shekaru uku yana zama a ajin mahaifinsa a Gummi, uban yana koyarwa yana kallon taga.

Ranar gwajin Nuraddeen ya shigo aji huɗu na wata firamare da karan gero a hannu, ya tumɓuko shi da saiwarsa, zai koyar da sassan shuka. Bara'atu ta ji daɗi, don ta san shi, malami ne na haƙiƙa, a Zugu har iyaye kan leƙo ta taga su saurare shi. Ya yi sallama, yara suka amsa. Ya ɗaga karan. Sai ya dubi bayan aji, inda Malam Makau ke zaune da biro a hannu, ya ga dattijon ya kafa masa ido kamar yadda aikin ya tilasta masa.

Shi ke nan. Nuraddeen ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya sake buɗewa. Ƙasa ta riƙa zubowa daga saiwar geron tana sauka a kan takalminsa. Yara suka fara ƙus-ƙus, wani ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Yana nan tsaye, zufa ta jiƙa masa riga, har aka kaɗa ƙararrawa. Malam Makau ya rubuta abin da zai rubuta, ya tashi ya fita.

A bayan ginin ajin Bara'atu ta sami Nuraddeen, ya tsuguna, har yanzu karan na hannunsa.

"Nuraddeen, mi yas same ka?"

"Malama, ban sani ba."

"Ka sani. Ka hwaɗa mini."

Ya ce, "Tun da nike, bai taɓa dubana haka ba. Ban san ido nai ba, Malama. Yau nig gane shi."

A hankali sauran maganar ta fito. Inna Kulu ta rasu farkon damina. Tun lokacin gidan Zugu shi kaɗai ne a ciki, shi ne noma, shi ne makaranta, shi ne hanyar Gummi cikin taɓo duk mako. Ba ya barci. In ya kwanta sai ya ji kamar ana daka a cikin kansa. Bai gaya wa kowa ba, don wadda ya saba gaya wa ita ce aka binne.

Ran Bara'atu ya ɓaci ƙwarai, kuma ba a kansa ba. Ita ma 'yar fari ce. Har ta yi aure ta haihu Innarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "waccan". Ta san mutane na cewa so ne ake ɓoyewa. Ita dai abin da ta sani, yaro ba ya cin abin da aka ɓoye masa.

Akwai hanya guda. Ƙa'idar cibiyar ta yarda a sake wa ɗalibi gwaji in malamai sun amince a zamansu cewa lalura ce ta kayar da shi, muddin mai darasin bai hana ba, kuma muddin ba a riga an kai sakamako jami'a ba. Ƙarshen wata za a kai. In aka kai da faɗuwa, Nuraddeen ya rasa digiri, kuma ƙaramar hukuma ba za ta sake ba shi izinin karatu ba.

Asabar ta farko Bara'atu ta kawo maganar a zaman tabarma yadda doka ta ce. Wani ɗalibi, in ji ta, ƙwararre, an yi masa rasuwa, ba ya barci, harshensa ya ɗaure a gwaji. Kowa ya sunkuyar da kai. Dakta Lado ya gyara zama ya yi musu bayani mai tsawo a kan yadda damuwa ke taɓa ƙwaƙwalwa, har da sunayen Turawan da suka gano haka. Malam Shitu, malamin lissafi, aminin Malam Makau tun suna yara, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa yana hura ɓawon gefe.

Malam Makau ne ya karɓi maganar, idonsa na kan tabarma.

"Ɗalibin da ba ya iya buɗe baki gaban yara, mi za shi yi da digiri? Kowa an yi mishi mutuwa. Ba a kai makoki aji."

"Gaskiya na, akwai wannan," in ji Dakta. "Mu dai ƙara tunani. Mu bar ta sai mako mai zuwa."

Daga nan suka koma maganar wata ɗaliba mai goyo da ke makara, suka yi ta kai da kawowa a kanta har magariba ta gabato. Bara'atu ta naɗe tabarmarta da ƙarfi har sai da ta karya mata baki.

Asabar ta biyu ma haka. Ta sake kawowa, Malam Makau ya sake cewa shi bai ga dalili ba, Dakta ya sake cewa a ƙara tunani. Malam Shitu ya ce, "Uhm," ya jefa gyaɗa a baki. Wannan "uhm" ta fi komai ƙona mata rai. Mutum ya san yaro tun ranar sunansa, ƙila ma shi ya riƙe ragon, amma abin da zai iya yi masa ke nan.

A cikin makon ta ga Nuraddeen a bakin ƙofar makarantar. Ya rame, idanunsa sun faɗa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya gaishe ta, ya tambaye ta a hankali ko an ce wani abu. Ta ce ana nan ana dubawa. Ta ji kunyar wannan amsa, don irin ta Dakta ce.

Asabar ta ƙarshe aka yi ruwa da rana, sai suka shimfiɗa tabarmin a barandar ofis. Ranar Litinin Dakta zai tafi da sakamako. Bara'atu ta zo a cike. Ta bari aka yi addu'a, ta bari Dakta ya gama gabatarwarsa, sannan ta ce tana nan a kan maganar wani ɗalibi.

"Na hwaɗi nawa," in ji Malam Makau. "Ban canza ba."

Malam Shitu ya kakkaɓe hannuwansa, ya yi gyaran murya. Ita ba ta ko lura ba. Abin da ta gani kawai shi ne dattijon nan zaune, fuska a ɗaure, yana yanke wa ɗan cikinsa hanya kamar mai korar akuya daga gona.

"Malam, ba wani ɗalibi ba na," ta ce. "Nuraddeen na. Mu bar wasan ga hakanan. Kowa nan ya san Nuraddeen na, kuma kowa ya san ɗanka na."

"Malama Bara'atu," in ji Dakta, "doka..."

"Dokar mi, Dakta? Mako nawa muna zaune muna wani ɗalibi, wani ɗalibi, yaro shina can shina ƙarewa? Kun gane shi kuwa? Kun ga yadda yak koma? Munka ce zaman ga don ɗalibai anka yi shi. To ga ɗalibi. In ba mu iya tsamo wanga, mu naɗe tabarmi kowa shi tahi gida."

Ta juya ga Malam Makau, wanda bai ɗaga kai ba.

"Kai kuma Malam, ka san abin da yak kashe mishi baki? Kai na. Ido naka. Shekara ashirin da wani abu ba ka dube shi ba, ranar da kad dube shi, da biro kad dube shi. Tsohuwar da tar riƙe maka shi ta rasu, ka tai ka yi gaisuwa awa baƙo, ka dawo. Ko sau guda ka tambaye shi ya kwana? Wagga ba kunya ba ta, Malam. Ni ɗiyar hwari ta, na san ta ciki da waje. Mugunta ta, an dai sa mata riga."

Ruwan da ya taru a kan kwano yana ɗiga a bakin baranda. Malam Shitu ya rufe ido kamar wanda aka taka wa ƙafa mai ciwo.

Malam Makau ya jawo takalmansa a hankali ya sa. Da ya yi magana, muryarsa ba ta tashi ba.

"To. Tunda an kai nan, ku ji da kyau. Ni ad da darasin, ni ad da yaron. Ba a sake mishi gwaji. In anka sake, gobe Gummi da Bukkuyum a ce Makau ya zauna cikin malamai an roƙa ma ɗa nai maki gaba nai, ya karɓa. Dakta, abin da nir rubuta shi za ka kai."

Ya sauka daga baranda. Mashin ɗinsa ya ƙi tashi, ya buga ya buga, ƙafarsa na zamewa. Daga ƙarshe ya tura shi da ƙafa ya fita ƙofar makaranta cikin taɓo, babbar rigarsa na jan ƙasa.

"Kin kashe maganar," in ji Malam Shitu.

"Ni nik kashe ta? Ku da kunka zauna kuna cin gyaɗa?"

"Malama, yanzu nig gyara murya zan yi magana. Ba ki ji ba? Mun gama da Dakta tun makon hwari. Makau dole shi ƙiya. Shi ƙiya yau, shi ƙiya gobe, kowa shi shaida bai nemi komi ba. Ranar ƙarshe ni in ce, ɗalibin ga nawa na, ni nika roƙo, in Makau ya hana to ni yah hana ma. Shi ko sai shi yi shiru, Dakta shi ce an amince. Hakanan aka yin ta tun kahin a haihe ki. Muddin wani ɗalibi na, muna iya hin ƙarhi nai. Yanzu kin mai da shi ɗa nai gaban mutane. Wa ka shiga tsakanin uba da ɗa?"

"Shi Malam ya san da shirin?"

"Wa kike zato yab biyo ni har gona ran da anka yi gwajin? Bai ce komi ba. Ya dai tsaya muna duban gero har rana ta hwaɗi. Ni na san abin da yak kawo shi."

Bara'atu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Amma fushin bai sauka ba, ƙaruwa ma ya yi, don yanzu har da kanta a ciki.

"To mi yah hana ku hwaɗa mini? Ni nik kawo maganar. Ni yaron ka tambaya. Mako nawa ina ce mishi ana dubawa."

"Irin wagga ba a hwaɗin ta," in ji Malam Shitu. "Mun ɗauka kin gane."

"Shi hwa? Shi ma kun ɗauka ya gane? Kun bar shi ba barci don ku gyara ma babba fuska."

Ta roƙi Dakta ya yi amfani da ikonsa na shugaba. Ya buɗe hannuwa ya ce ƙa'ida ta ce muddin mai darasi bai hana ba, kuma mai darasi ya hana da bakinsa a gaban shaidu. Washegari ta hau mota har Bukkuyum ta yi sallama a ƙofar gidan Malam Makau, ta shirya durƙusawa in ta kama. Aka ce mata ba ya nan, alhali ga mashin ɗinsa a zaure, taɓon jiya bai ko bushe ba. Ranar Litinin Dakta ya tafi da sakamako.

Nuraddeen bai sake zuwa Gummi ba. Da ta kasa haƙuri ta hau kabu-kabu zuwa Zugu, hedimasta ya ce mata ya ajiye aiki, ya bar wa maƙwabci gonar, da safen nan ya fita. Ranar kasuwar Bukkuyum ce, in ta yi sauri ƙila ta same shi a tashar can.

Ta same shi zaune a cikin wata ƙaramar bas ta Gusau, kusa da taga, da jaka a cinya. Daga Gusau Kurmi zai wuce, can kudu, wani abokinsa ya samar masa mashin na haya. Kasuwa ta cika, masu awon wake da dawa na ta ciniki a gefen motar, kwandasta na neman mutum biyu. Da ya gan ta ya yi yunƙurin fitowa, ta ce ya zauna.

"Nuraddeen, ni nib ɓata maka. Da na yi shiru da an sake maka gwajin. Bakina yaj ja."

"Na ji, Malama. Baba Shitu ya hwaɗa mini. Ba komi."

"Da komi. Ka sauko. Mu koma, mu nemi wata hanya, ko wata makaranta."

Ya girgiza kai. Ya ce ko an sake masa, shi ya san in ya shiga aji zai ga idon nan a bayan ɗaki. Ya murza igiyar jakarsa. Sannan ya matso da fuskarsa kusa da taga ya rage murya.

"Malama, an ce kin kama sunana gaba nai."

"Na kama."

"Mi yac ce?"

Ta so ta yi masa ƙarya, ta ce uban ya yi hawaye, ko ya ce Allah ya yi masa albarka. Ba ta iya ba.

"Ya ce kar a sake maka."

"A'a, wannan na sani. Yadda yah hwaɗe ta nika so. Baba Shitu bai ba ni duka ba."

"Cewa yay yi, ni ad da darasin, ni ad da yaron."

Nuraddeen ya kafa mata ido.

"Shi ad da yaron?"

"Hakanan yac ce."

"Da baki nai? Gaban Dakta da kowa?"

"Gaban kowa."

Sai ta ga fuskar nan da ta rame ta saki. Ya jingina da kujera yana murmushi, murmushi na gaske, irin wanda ba ta taɓa gani a fuskarsa ba duk shekarun da ta koyar da shi. Ya rasa digiri, ya rasa aiki, zai tafi garin da bai san kowa ba ya yi ta yawo da fasinja a rana, amma ga shi yana murna kamar an yi masa bushara. A duk abin da ya faru ba abin da ya ƙona mata rai kamar wannan. Ta ji tana son ta fizgo shi ta tagar ta girgiza shi, ta ce masa da wannan maganar aka yanka shi, ba kyauta ba ce, bai kamata ta ishe shi ba.

Kwandasta ya samu mutanensa ya buga ƙofa. Direba ya tayar da mota.

"Malama, don Allah," in ji Nuraddeen, ya riƙe bakin tagar. "Ki ƙara hwaɗa mini ita. Yadda yah hwaɗa."

Motar ta fara tafiya. Bara'atu ta bi ta a gefe tana ture masu talla, gyalenta na zamewa, haƙoranta a datse don takaici, ta sake faɗa masa.